Shayin Minti Biyu

Yako, Talata.

Zuwa ga ɗana Munir, a Caina.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da harkokinka. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai gwiwa. Yayarka Maijidda ce ke rubutawa, ta zo daga Tiga duba ni. Na ce ta sa kowace kalma yadda na faɗe ta, kada ta tausasa, sannan ta ɗauki hoton takardar ta tura maka.

Shekara tara ke nan da ka bar gidan nan ba ka yi mini sallama ba, don na ce ba za ka tafi ba. Tun daga nan kaya kake aikowa: bargo, tocila, da takalmin nan da ya matse ni. Layi ɗaya na rubutu bai taɓa biyo su ba. Maijidda ta ce ai kana kira, ni ne nake ƙin karɓar waya. Gaskiya ne, kuma ba zan karɓa ba.

Yanzu kuma ganyen shayi. An ce wai ba a sa masa takin zamani ba, ba a yi masa feshi ba, shi ya sa yake da daraja. Ni shekara hamsin ina noma da kashin shanun Fulani, ba wanda ya taɓa zuba dawata a gwangwani mai zane.

Duk da haka na kira Mudi, abokin shan shayina tun kana goye. Cikin mu bakwai da muke zama a gindin ɗorawa, shi kaɗai ya rage mini. Na hura gawayi, na cika hannu da ganyen don a san ɗana ne ya aiko, na bar shi ya tafasa sosai, na zuba sukari da kanumfari. Mudi ya kurɓa ya runtse ido. Ɗacinsa ya fi na darbejiya. Ya daure ya shanye don kada in ji kunya, kuma na ji.

In abin da kuke sha ke nan a can, Allah ya ba ku haƙuri.

Mahaifinka,
Jibrin.

Yako, Lahadi.

Munir,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya sanyin garinku? Wata biyu ke nan ba ka amsa ta farko ba. Maijidda ta ce ka gani.

Mudi ya rasu ranar Alhamis ta makon jiya. Zazzaɓin kwana uku ne, ba shayinka ba. Ka yi masa addu'a, ya sha ɗaukar ka a kafaɗa zuwa kasuwar Kiru.

Bayan an watse daga zaman makoki na daina ɗora buta. Shayinmu zubi uku ne, na fari mai ƙarfi, na biyu daidai, na uku mai zaƙi, kuma tsakaninsu hira ce. Mutum ɗaya me zai yi da zubi uku?

Jiya Maijidda tana shara ta ɗaga tabarmata, ta ga wata 'yar takarda. Ni na cire ta daga bakin gwangwanin tun ranar farko, na zaci ta kamfani ce, na ajiye don kunna gawayi. Ashe rubutunka ne. Ta karanta mini: wai kada a tafasa ganyen, a sauke ruwan ya ɗan huce, a zuba a kan ganye ɗan kaɗan, a jira minti biyu, ban da sukari. Shekara tara, rubutunka na farko, kuma umarni ne. Sai dai da "Baba" ka fara. Na sa ta maimaita wurin.

Yau da hantsi na yi yadda ka ce, don dai in kama ka da laifi. Ruwan ya fito fari-fari, da ɗan kore, kamar ba a zuba komai ba. Ƙamshinsa irin na gona ne bayan ruwan farko, ko ɗanyar masara in an ɓare ta. Babu ɗaci. Sai da na haɗiye, sannan wani ɗan zaƙi ya taso daga maƙogwaro. To, ni na ɓata na farko. Na faɗa, kuma Maijidda ta rubuta, kada ka sa ran zan sake faɗa. Abin da ya dame ni, Mudi ya tafi yana zaton ɗana bai san shayi ba.

Amma ga abin da ya hana ni tashi daga wurin. Kafin gawayin ya ci rabi na riga na shanye. Ba ɗaga buta sama, ba kumfa, ba jiran wani ya iso. Wannan shayin wanda ba shi da abokin zama ne, Munir. Na san haka don ya yi mini daidai.

Kai kuma kana shan sa kullum, har ka san mintinsa. Yayarka ta ce ba ka da iyali a can, ɗaki ɗaya ne a saman bene. Ban taɓa tambaya ba, don ina fushi, kuma fushin yana nan.

Kada ka aiko da wani gwangwanin, wannan zai kai ni damina. Ka ɗauki biro ka amsa mini da hannunka, ko layi biyu ne: da wa kake sha?

Allah ya tsare ka, ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka,
Jibrin na Yako.