Gadon Mma Yana Bronx

Morris Heights, Fabrairu 2014

Ƙanena Tamimu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya kai da Abiba da yara. Yaya jikin Mma? Allah ya ƙara sauƙi.

Ka ce na yi shiru a kan gadon asibitin da na saya mata. Wallahi kunya ce ta hana ni magana. Tun Nuwamba na kai shi wurin Ishawu, wanda ke haɗa kayan mutanenmu a kwantena ɗaya zuwa tashar jirgin ruwa ta Tema, can gida. Kwantena ta kusa cika, jirgi na nan, amma ya ƙi rufewa, wai Alhaji Kadri bai kawo gangunan kayansa ba, kuma ba a tashi a bar dattijo. Jirgi dai bai san dattijo ba, ya tafi.

Daga nan ƙanƙara ta sauko. Tashar jirgin ta nan ta cushe, jirage sun yi layi a kan ruwa, tirelolin ɗora kwantena sun yi ƙaranci. Direbanmu ya yini a layi, aka rufe ƙofa yana kallo, ya komo da kaya Bronx. Sau biyu ke nan.

Ni da nake juya tsofaffin wasu kullum a wurin aiki kada bayansu ya yi gyambo, uwata tana kwance a tabarma. Ku riƙa juya ta, don Allah, ko ta yi faɗa.

Yayarka,
Hawawu

Morris Heights, Maris 2014

Ƙanena Tamimu,

Assalamu alaikum. Yaya haƙuri? Allah ya jiƙan Mma, ya saka wa Abiba da ta yi mata wanka.

Jiya aka yi addu'a a masallacinmu. Ishawu ya zo, ya yi gaisuwa har da hawaye. Bai miƙe ba ya rage murya ya tambaye ni, tun da abin ya riga ya faru, ko ya fitar da gadon, don firijin Alhaji na neman wuri.

Tamimu, ka san ni, ban iya ɗaga murya ba. Jiya har maza sai da suka juyo. Na yi istigfari kan kalmomin da na zaɓa, amma ban janye ko ɗaya ba. Na ce ko ƙusa kada ya taɓa. Ƙanƙara daga Allah take, na yarda. Jiran da ya yi kuwa nasa ne, shi zai amsa.

In gadon ya iso, kada ka sayar. Ka kafa shi a ɗakinta. Duk wanda ya kwanta ciwo a layinmu, ya zo ya ɗauka, ba sai ya jira kowa ba.

Ka gaida kowa.

Yayarka,
Hawawu