Wanda Ya Yi Ihu a Zauren Ofera

Damanhur.

Zuwa ga jikata Rawiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, amin.

Bayan haka, maƙwabciyata Ummu Sabri ta kawo mini jarida, na ga sunanki a ciki da ƙananan haruffa kamar tururuwa. Wai babbar mawaƙiyarku ta kwanta ciwo, an ba ki matsayinta a wannan oferar taku da ake rera labari da Italiyanci tun daga farko har ƙarshe. Ashe sai a jarida zan ji?

Takardarki ta ƙarshe ba ta kwantar mini da hankali ba. Na tsufa ina duba rubutun 'yan makaranta, na san hannun da ke karkarwa. Gidan nan ba mai magana sai agogo, ƙirjina kuma ya koma yi mini wasan da kika sani. Ina tsoron a kira ni ban ji ki a kan dandamali ba. Faɗa mini ranar, zan zo.

Allah ya tsare ki.
Kakanki, Mutawalli.

Alƙahira.

Giddo,

Ina gaishe ka, kakana, ina sumbatar hannunka. Kana shan maganinka kuwa?

Ban gaya maka ba ne don tsoro nake ji. A falonka na koyi waƙa, duk baitin da na sauke sai ka buga hannun kujera ka ce, "Allah! Ƙara, ya binti!" A nan ba a haka. Zaure cike da mutane a cikin duhu, ko tari ba sa yi.

Kusa da ƙarshen wasan akwai inda makaɗa duka ke tsayawa, ni kaɗai zan ɗaga murya can sama. A wurin gwaji na iso nan, shirun ya shaƙe ni, na buɗe baki ba abin da ya fito. Maestro, mai jagorantar makaɗan, ya ajiye sandarsa ya ce, "Madmazel, waƙa muka zo ji, ba haƙoranki muka zo kallo ba." Idan haka ta faru ranar Alhamis a gaban jama'a, tawa ta ƙare tun ban fara ba.

Don Allah kada ka zo. Likita ya hana ka jirgin ƙasa. Kuma, Giddo, na san bakinka.

Taka, Rawiya.

Damanhur.

Rawiya,

Gaisuwa, in har za ki karɓa daga gare ni.

Na saɓa miki, na zo. Na sa kwat ɗin da na aurar da mahaifiyarki a cikinsa, mijin Ummu Sabri ya ara mini laktaye na ɗaura a wuya. Na zauna can sama a layin baya inda ba za ki gan ni ba, na cusa hankici a bakina, na rantse ba zan ce uffan ba.

Da kika fito ban gane ki ba sai da kika fara. Kika sauke wani baiti da a zamaninmu da an tashi tsaye an jefa hula sama. Na waiga dama da hagu, ba wanda ya motsa. Na ce a raina, waɗannan makoki suka zo? Na ciji hankicina.

Sai kiɗan ya tsaya. Na ga kin buɗe baki. Na jira. Na ga hannunki ya kama rigarki kamar yadda kike kama tawa kina ƙarama in za mu tsallaka titi. Ban san lokacin da hankicin ya faɗi ba, sai dai na ji muryata tana cewa, "Allah! Ƙara, ya binti!"

Matar da ke gabana ta dafe ƙirji ta ce, "Haba, ya Hajj, gidan biki ka ɗauka?" Samari biyu masu tsaron zauren suka ɗaga ni ta hammata, ƙafafuna da ƙyar suke taɓa ƙasa, suka fitar da ni waje. Ƙofar nan mai kauri ce, an lulluɓe ta da fata. Da ta rufe ban ƙara jin komai ba. Na manna kunnena, ɗayansu ya ce, "Baba, in ihu kake so, ga filin ƙwallo can." Na roƙe shi ya leƙa ya gaya mini ko kina rerawa, ya ce ba a buɗe ƙofa ana cikin wasa.

Ban iya jira in haɗa ido da ke ba, na kama hanyar tasha.

Tun da na dawo ina kwance. Ban sani ba ko muryar ta fito, ko kuwa ni na ƙarasa kashe ta da bakina. Ummu Sabri ta kawo jarida, na ce ta mayar. Duk sanda aka taɓa ƙofa sai in ɗauka takardarki ce ta iso. Ba mutuwa nake tsoro yanzu ba, tsoro nake a ce shekarun da kika yi kina wahala, tsohon banza ya zubar da su da ihu ɗaya. Ko zagi ne ki rubuto.

Kakanki.

Alƙahira.

Giddo,

Muryar ta fito.

Maestro ya tambaya wane mahaukaci ne wannan, na ce kakana ne. Ya ce to a ɗaure shi a gida. Amma bai ƙwace mini matsayin ba.

Juma'a ina tafe. Ka sha maganinka, ka gyara kujerarka, zan rera maka abin da ƙofa ta hana ka ji. Kada ka kuskura ka nemi hankici.

Taka, Rawiya.