Ko Wane Gari Aka Zaɓa, Vimtim Ke Fitowa

Yaya Dawuda,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Mama? Kun gama cire gyaɗa?

Lafiyata lau a Legas, sai gajiya. Kwana uku ina fama da rahoton da na haɗa wa kamfaninmu na taki a kwamfuta. In oga ya zaɓi gari, ya kamata ya ga buhunan da aka kai can. Amma ko Jos ya zaɓa, Vimtim ke fitowa. Har faɗa ya yi min, kar Mama ta ji.

Ashe ni ce na kafe sunan garinmu Vimtim a gurbin zaɓen gari tun ranar gwaji, na manta. Ɗazu na goge shi. Rahoto ya gyaru, ni kuwa na kasa cin abinci don kewar gida.

Allah ya kiyaye ku.

Ƙanwarka,
Purity