Soson da Ya Bari a Hancin Mota

Assalamu alaikum, Hajiya Safiyyatu. Don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana bai ce na zautu ba.

Maigidana Tahir ya rasu a tsakiyar sanyin da ya wuce, Allah ya jiƙansa. Bara ya sayo wata mota daga Jidda, irin sababbin nan masu haɗa fetur da batir. Tun ranar farko ban sake da ita ba, don ba ta da ƙara. Sai dai ki ga ta tsaya a ƙofar gida kamar an turo ta.

Shi mutum ne mai son gwaje-gwaje. Da sanyi ya shigo, ya sayo soson nan da ake naɗe bututun ruwa da shi, ya zauna a tsakar gida da wuƙar girkina yana yankawa, ni ina riƙe masa. Ya cusa su cikin ragar gaban motar. Wai idan iskar asuba ba ta shiga ba, injin zai yi saurin ɗumi in za shi sallah a Harami, ba zai sha banzin, wato fetur, da yawa ba. Na yi masa dariya. Ya ce kada kowa ya taɓa masa, shi zai cire da hannunsa idan zafi ya zo. Bai kai zafin ba.

Yanzu na fita takaba, kuma kin san zafin Madina. Ɗanmu Umair ne ke jan motar. Idan ya dawo ya kashe ta ya shige ciki, ni nakan tsaya. Sai in ji wani abu a cikinta yana huci a hankali, kamar numfashin mai barci, ba kowa a ciki. Sannan sosunan sun fara fita da kansu. In fito shara da safe in tarar da ɗaya a ƙasa, a kwance daidai, ba kamar abin da ya faɗo ba. In mayar, kwana biyu in tarar da wani. Na tambayi Umair, ya rantse da Larabcinsa bai taɓa ba, ya ce ma a cire su duka. Na hana. Shatin wuƙar yana jikinsu, Hajiya, har inda hannunsa ya karkace.

Mako mai zuwa Umair zai kai ni Umra a cikinta. Ya ce ba zai hau hanyar Makka da hancinta a toshe ba, ni kuma na ce ba mai karya maganar mamaci. Amma tsoro nake ji. Shin shi ne yake cirewa kamar yadda ya ce? In shi ne, me ya sa nake mayarwa?

Ummu Umair, Ranuna

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya gafarta wa Malam Tahir, ya ba ki dangana.

Ba ki zautu ba. Wanda ya rasa abokin zama, kunnensa yakan daɗe yana jiran motsinsa. Riƙe maganar miji bayan ransa kuwa halin kirki ne, ba zan kushe miki ba.

Amma wanda ya koma ga Allah ba ya dawowa tsakar gida. Na tambayi wani makanike a unguwar Aƙiƙ. Ya ce irin wannan mota takan ci gaba da 'yar ƙara bayan an kashe ta, balle idan ta ɗauki zafi. Soso kuma rana tana sa shi ya motse, ya saki, ya zame. Yadda yake kwanciya daidai a ƙasa, wannan ban sani ba, kuma ba sai mun sani ba kafin mu yi abin da ya kamata.

Umair yana da gaskiya. Dabarar maigidanki ta sanyi ce, shi ya sa ya sa mata lokacin cirewa. Injin da ba ya samun iska a hanyar Makka cikin wannan rana zai iya tsayar da ku a inda babu inuwa, ko abin ya fi haka. Mutumin da ya yi tattalin fetur ba zai yarda a yi asarar ɗa ba.

Saboda haka kada a hau hanya sai an cire, a kuma kai ta gareji a duba ruwan lagireto. Kada ki bar wa Umair cirewar. Ke kika riƙe lokacin da ake yankawa, ke ya kamata ki ƙarasa masa aikin. Ki yi bisimilla, ki zare su ɗaya bayan ɗaya da rana tsaka, ki adana su har sanyi ya dawo, Umair ya koyi sawa.

Idan kin isa gaban Ka'aba, can ne maganarki za ta amfane shi. Allah ya kai ku lafiya, ya karɓi Umrarku, ya sanyaya makwancinsa.

Hajiya Safiyyatu