Ƙarfen da Ya Ƙi Narkewa a Maƙerar Baba

Litinin, 10 ga Fabrairu, Dapaong

Babban makunnin masana'antar ƙanƙararmu ya sake ƙonewa. Na buɗe akwatin, haƙoran nan na jan ƙarfe da ke haɗuwa su ba da wuta duk sun cinye, baƙi ƙirin. Duk sanda suka rabu sai wuta ta yi tsalle a tsakaninsu ta gutsuri ƙarfen. Maigidanmu Misiye Karim ya ce, "Khairiya, azumi fa ya matso, kuma ke kaɗai ce mai gyaran wutar kuran a nan." Kamar ban sani ba.

Amma ba shi ya tsaya mini a rai ba. Yaya Rahma ta bugo daga Sokodé, ta ce mahaifinmu Baba Mati bai hura wutar maƙerarsa ba tun rasuwar Inna. Zama kawai a zaure, tuwo ma sai an yi da gaske. Na yanke shawara, ɗauko shi zan yi ya zauna wurina, a rufe maƙerar. Ba zan bari ya ƙare a kan tabarma ba.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Saƙon kayan gyara ya iso daga Lomé. Wasu 'yan ƙarafa masu launin toka, kowanne bai fi maɓallin riga ba, amma nauyi kamar me. Jan ƙarfe ne aka haɗa da tungstan, shi tungstan ya jure wutar, jan ƙarfen ya wuce da lantarki. Sai an liƙa su da azurfa a bakin haƙoran. Mai waldan unguwarmu ya jujjuya ɗaya, ya ce shi ƙofa da taga ya iya.

Nan dabara ta zo mini. Baba ya shekara nawa yana liƙin azurfa? Da aikin nan zan jawo shi, in ya zo kuma ba komawa. Na ba direban da ke zuwa Sokodé saƙo ya kai masa.

Alhamis, 13

Alassani direba ya kawo amsa da Hausarsa ta 'yan ƙabilar Kotokoli: "Baba naka ya ce ƙarfe shi ne yana zuwa wurin maƙeri." Taurin kai! Yanzu na san inda na gado shi.

Asabar, 15 ga Fabrairu, Sokodé

Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, sai da na shiga ɗaki na share hawaye. Na zube masa kayan a gabansa. Ya ɗauki ɗaya, ya auna a tafin hannu, ya kankara da farce, ya ce, "Wannan jan ƙarfen ba shi da lafiya, an cuce ku." Na yi bayani har bakina ya bushe. Ya ce to.

Da na kawo zancen tafiya Dapaong sai ya tambaye ni ko har yanzu ana samun zabi masu ƙiba a can.

Lahadi, 16

Yau na yi fushin da ban taɓa yi da Baba ba, Allah ya yafe mini.

Na dawo daga kasuwa na hango hayaƙi daga maƙera. Farin ciki ya kama ni har na sa gudu. Ashe guda ɗayan da aka ƙaro mana don ko-ta-kwana ya jefa a tukunyar narki, wai zai tace shi ya fitar da dattin, kamar yadda yake yi wa kowace tagullar da bai yarda da ita ba. Ya zuga, ya zuga, gawayi ya kusa ƙarewa. Jan ƙarfen ya tsattsafo kamar gumi, sauran kuwa yana nan zaune daram, ko gezau.

Na ce, "Baba, kun san daga ina aka kawo wannan? In wani ya lalace yanzu ina zan sa kaina?"

Bai ma ji ni ba. Ya ɗago abin da awartaki yana dariya, har da tari. "Uwata, tun ina yaro ban ga ƙarfen da ya raina wutata ba sai yau." Da yamma ya cinye tuwonsa, ya nemi ƙari.

Litinin, 17

Mun yi liƙin. Ni ce a kan zugazugi, hannuna har yanzu zogi yake. Ya ce ɓarnar jiya ta nuna masa launin da ƙarfen ke fara gumi, don haka kafin a kai nan zai janye. Azurfa ta bi ƙarƙashin kowanne lif, ba rami. Hannunsa na rawa in ya ɗauki kofin shayi, amma da awartaki ko kaɗan.

Ya so ya goge su da magagari su yi ƙyalli. Na riƙe hannunsa, kar ya ɓata musu fuska. Mun yi rigima mai daɗi.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, Dapaong

Na ɗaura haƙoran. Na yi bismilla na tura makunnin. Ƙarar kamawa ɗaya, tsaf, injuna suka tashi.

Lahadi, 2 ga Maris

Azumi ya kama, mata masu sayar da ƙanƙara sun yi layi har bakin titi. Na kashe wuta na leƙa haƙoran, ɗan tabo kawai. Mai injin casar shinkafa na garin Naki-Est ya zo ya gani, ya ce nasa ma haka suke cinyewa. Na ce akwai wani tsoho a Sokodé.

Juma'a, 7 ga Maris

Baba ya bugo da kansa, shi da ya tsani waya. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce azurfarsa ta kusa ƙarewa, kuma in gaya wa na Lomé su riƙa ƙaro guda, akwai abin da yake son gwadawa. Ina jin Yaya Rahma a bayansa tana faɗan ya ƙona mata gawayin girki.

Mun daɗe muna magana. Sai da na ajiye wayar na tuna ban ce masa komai ba kan tahowa Dapaong. Mantuwa ce, ina jin. Gobe Alassani zai sauka Sokodé, na riga na ɗaure masa haƙoran Naki-Est a tsumma.