Turakun Gwamnati a Gonar Baba

Yaya Umaru,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya Hajo da yara? Mu kam gida ba lafiya.

Kuɗin da gwamnati ta ware na gidaje masu rahusa duk Tambuwal aka ba, Kebbe ko sisi. Kuma a nan Tambuwal ɗin gonarmu aka zaɓa a gina su. Masu awo suka kafa turaku cikin gero. Baba ya tumɓuke su, ya ce, "Ku bari shi nuna, ba a amsar gona da amfani tsaye!" 'Yan dokan da suka rako masu awo suka rufe shi da kulki har hannunsa ya karye. Ina wurin aka yi.

Gero ya nuna, babu mai girbi. Ka taimaka da addu'a, in da hali ka zo. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Asma'u