Ba Baibul, Ba Ƙarfe

Romi, Kaduna,
9 ga Yuni, 1986.

Zuwa ga Yaya Eunice,

Gaisuwa mai yawa da ƙauna. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Baba? Yaya ruwa a Zonkwa? Ni lafiyata ƙalau, sai dai barci da ya ƙaurace mini.

Kin tuna Ishaku, wanda injin yankan kwano ya cinye wa yatsu uku a masana'antarmu ta Kudenda? Ya kai kamfani kotu, lauyansa kuma ya sa ni cikin shaidu. Kamfani na cewa sakacinsa ne. Ba haka ba ne. Injin yana da murfin kariya, manaja ya sa aka kwance shi don aiki ya yi sauri, kuma a gabana aka kwance. Ni sabon injiniya ne, amma na san abin da idona ya gani.

Sauran ma'aikata sun ƙi zuwa. Malam Sani ya ce ƙaddara ce, Sunday ya ce nufin Ubangiji ne. Mutanen da kullum suke musun addini a wurin cin abinci, ran nan bakinsu ya zo ɗaya. Yaya, a gida ke kaɗai kika san tun ina jami'a na daina gaskata akwai Allah. Kin ce in ja bakina in riƙa zuwa coci, ai ba a binciken zuciya a ƙofa, kuma me ya dame ni da zancen? To ga abin da ya dame ni. In akwai wanda ya rubuta cewa yatsun nan za su tafi, manaja ɗan aike ne kawai. In babu, mutum ne ya kwance murfin, mutum ne kuma zai amsa.

Matsalar ita ce rantsuwa. Kirista na dafa Baibul, Musulmi Alƙur'ani, mai addinin gargajiya a ba shi ƙarfe. Lauya ya ce in dafa Baibul kawai, ai sunana Joseph. Na ce ba zan buɗe gaskiya da ƙarya ba. Doka ta yarda mutum ya yi alƙawarin faɗin gaskiya da bakinsa, na bincika har na sake bincikawa. Amma in alƙali ya raina maganata saboda haka, Ishaku ne zai kwana ciki, ba ni ba. Abin da ke hana ni barci ke nan.

Ki gai da kowa. Kada ki gaya wa Baba tukuna.

Ƙanenki,
Joseph.

Romi, Kaduna,
21 ga Oktoba, 1986.

Zuwa ga Yaya Eunice,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kun fara girbi lafiya. Na ji daɗi da kika ce Baba ya ajiye sanda.

An yanke hukunci jiya, Ishaku ya yi nasara. Bari in ba ki labarin ranar da na ba da shaida, tunda na ƙi rubuto miki sai na ga ƙarshe.

Da akawun kotu ya miƙo Baibul, na ce a'a. Ya ɗauko Alƙur'ani, na ce a'a. Sai ya dube ni da kwat ɗina, ya laluba ƙarƙashin tebur ya fito da ƙarfe mai tsatsa. Kotu ta fashe da dariya, wani daga baya ya ce ashe boka ne ya yi boko. Na ce ina neman izinin yin alƙawari. Alƙali ya ba ni.

Lauyan kamfani ya taso mini. Ya ce mutumin da ba ya tsoron wuta, me zai hana shi ƙarya? Na ce masa ni ba ni da wanda zai yafe mini daga baya, ba ni kuma da wata kotu a gaba da za ta mayar wa Ishaku haƙƙinsa. In ba a yi a nan ba, ba za a yi ba. Ya yi ta juya ni kan ranar da aka kwance murfin da lambar injin, bai sami inda na kauce ba. A hukuncinsa alƙali ya ce ya gamsu da shaidata. Yaya, maganata tsurarta, ba littafi a ƙarƙashinta, ta tsaya da ƙafafunta. Ko ranar da aka ba ni digiri ban ji haka ba.

Manaja ya daina amsa gaisuwata, Sunday ya daina cin abinci da ni. An dai mayar da murfin.

A bakin kotu mahaifiyar Ishaku ta riƙe hannuna tana kuka, tana cewa Allah ne ya aiko ni. Ishaku ne ya yi dariya ya ce, Mama, wannan ba wanda ya aiko shi, shi ya kawo kansa.

Yanzu kina iya gaya wa Baba. A'a, bari, zan zo ran Asabar in faɗa masa da bakina.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Joseph.